Baƙin Tulun Aglaia

Ranar Asabar ɗin matattu, wadda ke zuwa ana gobe idin Fentikos, ƙauyenmu kaf ya tashi da ƙamshin burodi da ɗoɗɗoya, ban da gidan Gavril maginin tukwane, da ke ta ƙaurin hayaƙi. Tun da farar safiya mata ke wucewa ta ƙofarsa da kwanduna a lulluɓe da farin tawul, suna haura tudu zuwa gidan zuhudu. Shi kuwa yana tsugune a bayan gida, ya manna tafin hannu a jikin matoya, ɗakin gasa tukwanensa, kamar mai duba zazzaɓin jinjiri. Zafi rau. Ya janye hannun, ya ja tsaki, ya koma kan icen faskare ya zauna.

Tukwane da kwanoni ne cike da matoyar, amma ko duk su fashe bai damu ba. Abu ɗaya ne a ciki ya hana shi sakat: wani ɗan tulu mai hannu ɗaya, na matarsa Aglaia, wadda aka binne lokacin da dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Kada wani ya ce muku zaman lallashi suka yi. Aglaia baki gare ta, kuma ba ta taɓa ba shi hutu ba. Kututture take ce wa mijinta, a gida da kasuwa, wai sai ka yi masa magana ka sake kafin ya ce uhm. Amma aiki ya ɗaure su wuri ɗaya. Shi ke zama a kan keken ginin tukwane, yana juya faifai da ƙafa, yana ta da yumɓu. Idan kayan sun sha iska, ita ke ɗaukar ɗan farin dutsen rafi ta bi jikinsu tana gogewa, tana fitar da layuka da ganyaye masu sheƙi. Sama da shekara arba'in ba tukunyar da ta bar gidan nan ba tare da hannun mutum biyu a jikinta ba.

Da kaka, lokacin da tari ya fara kayar da ita, ta zaɓi ɗanyen tulu ɗaya ta zauna da shi a bakin murhu, ta goge ta huta, ta goge ta huta. Da ta gama ta sa shi ya ɗora a kan kanta ta sama.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "In na tafi ka toya shi, ya yi baƙi ƙirin, kada ka kawo mini jan abu. Asabar ɗin matattu ta bazara ka cika shi da ruwan rijiyarmu, ka haura gidan zuhudu, ka ba wata mace sa'ata, hannu da hannu. Baƙuwa fa. Ba na so tuluna ya ƙare a kicin ɗin 'yar ƙauyen nan, tana shan ruwa tana cin namana. Ta sha a gabanka, ka ji da kunnenka ta faɗi kalmar. Kana ji na, kututture?"

"Uhm."

"Kada ka bar ni da ƙishi a can."

Mu a nan kowa ya tashi ya tarar cewa abin da ka miƙa wa wani saboda mamaci, shi mamacin zai tarar a gabansa. Fada, limamin cocinmu, kan ce addu'a ce ke isa can, ba tulu ba. Mata su ce to, Fada, su ci gaba da sayen tuluna. Wanda ya karɓa ba ya biya, ba ya ma cewa na gode. Bogdaproste yake cewa, wato Allah ya gafarta wa mamacinku. Gavril ya san wannan duka, amma sanin kallo ne. Aglaia ce ke yi wa iyayensa da nata wannan sadakar, shi yana bakin ƙofa tare da maza, suna maganar farashin ciyawa.

To me ya hana shi toya tulun tun da wuri? Ba komai sai zuciya. Duk bazara yana cewa gobe. Ya sauko da shi, ya juya shi a hannu, ya mayar. Da ya farga mako ya zo, sai sama ta ɓalle da ruwa, icen duk ya jiƙe, bai samu hura wuta ba sai Juma'a. Baƙar tukunya kuwa ba fenti ba ne, hayaƙi ne. Idan wuta ta kai maƙura sai a cusa ice mai ƙaro, a liƙe kowace kafa da laka, a bar hayaƙi ya shige jikin yumɓu, matoya ta huce da kanta. Ka buɗe da wuri, iska ta shiga, baƙin ya ƙone ya koma ja dabbare-dabbare, ko kayan su tsage. Ba mai gaggauta matoya, ko da bishop ne ke jira.

Ana cikin haka maƙwabcinsa Ilarie ya leƙo ta kan shinge. Shi ma magini ne, amma irin na zamani, mai allo a bakin titi da filin ajiye motocin baƙi.

"Baba Gavril, kwanci kake yi? Yaushe za ta ƙyanƙyashe?"

"Je ka ji da baƙinka."

"Haba, tsoho. An kusa gama addu'a fa, tun ɗazu aka buga ƙararrawa. Zo ka ɗauki tulu ɗaya a kantata, kyauta. Baƙi ai baƙi ne. Wa zai gane?"

"Aglaia."

"Daga can?"

"Daga ƙetaren titi take gane tulunka. Ta ce gindinsa kamar na saniya mai ciki."

Ilarie ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Allah ya ji ƙanta, ta faɗa mini a idona ma. To, ka yi ta jira." Wata doguwar mota ta tsaya a ƙofarsa, ya gyara ɗamara ya ruga yana washe baki.

Wajen hantsi 'yarsu Doina ta kira daga birnin Torino, can ƙasar waje, inda take jinyar wata tsohuwa. Ta ce, "Baba, ka kai?" Ya ce yana hanya. Ta ce ya ci abinci? Ya ce ya ci. Ya buɗe baki zai gaya mata zancen matoya, sai ya ji wata murya tana ƙwala mata kira da yaren can, ta ce za ta sake kira. Ya riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci bayan ta katse.

Rana ta take. Mata suka sauko daga tudu, kwandunansu cike da abin da wasu suka ba su, suna ta surutu. Ya shige rumfa don kada su gan shi. Sai da inuwar shinge ta juya ta kai bakin rijiya sannan ya sake taɓa matoya, ya ji ɗumi ne kawai. Ya yi alamar gicciye, ya ɗauki gatari ya ɓamɓare lakar.

Tulun ya fito baƙi wuluk, ba tabo ko ɗaya. Ya goge toka da hannun riga, layukan Aglaia suka taso suna ƙyalli. A wuya sun miƙe tsaf kamar yadda ta saba. Can ƙasa, wajen ciki, sun fara karkacewa, akwai wurin da dutsen ya zame, akwai ganyen da ba ta rufe ba. Gavril ya tsaya yana kallon wurin. Tun ranar jana'iza bai yi kuka ba, kuma yanzu ma bai yi ba, sai dai ya dafa bango. Ya gane a ransa cewa ba ya son rabuwa da tulun nan ko kaɗan. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa, ga shi ita da kanta ta ce a ba baƙuwa.

Ya ɗauraye shi, ya cika da ruwan rijiya. Ya tsinko 'ya'yan itacen ceri biyu-uku ya ɗaura a hannun tulun da jan zare, ya soka reshen ɗoɗɗoya, ya liƙa siririn kyandir, yadda ya ga tana yi. Ɗaurin bai yi kyau ba, ya kwance ya sake, bai fi na farko ba. Burodi mai kitso kuwa ba mai yi masa, sai na kanti ya naɗe a tawul. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya kama hanyar tudu yana tafiya a hankali don kada ruwa ya zube.

A ƙofar gidan zuhudu Uwa Fevronia, wata dattijuwar 'yar zuhudu, ce zaune a ɗan ɗakin sayar da kyandir. Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi tulun.

"Gavril, sai yanzu? Ina ka shiga?"

"Matoya ce, Uwa."

"Matoya! Mutane sun zo, an yi addu'a, an raba, an watse. Tsofaffin da ke zama a bakin ƙofa ma sun kwashi rabonsu sun tafi. Kawo, in ajiye a teburin coci, ranar Litinin mu kai gidan gajiyayyu."

"Hannu da hannu ta ce. Yau."

"Ai na san wadda ta ce." Uwa Fevronia ta yi ajiyar zuciya. "Ko a kabari ba za ta bar ka ka huta ba."

"Ke fa, Uwa? Ba za ki karɓa ba?"

"Ni baƙuwa ce? Da ita muka yi makaranta. Kuma ni ba ni da nawa, abin da na karɓa ɗakin ajiya zai tafi. Shiga ka gwada sa'arka, baƙi ne cike a ciki. Amma ka ji: in aka fara buga katako na addu'ar yamma, Asabar ta ƙare a wurinmu, an shiga Lahadi. Kuma don Allah kada ka firgita mini mutane."

Ya shiga. Cocin na tsakiyar fili kamar kullum, zane ya rufe jikinsa daga tushe har ƙarƙashin rufi, shuɗi da kore da ja, waliyyai sahu-sahu, mala'iku riƙe da masu, ga dogon tsanin nan da sufaye ke hawa shaiɗanu na janyo su ta ƙafa. Gavril ya daɗe bai ɗaga kai ya dube shi ba. Aglaia ce mai kallo. Takan tsaya a gindin tsanin ta raɗa wa masu faɗowa sunayen maƙwabta, har ta nuna wanda ta ce Ilarie ne. Yau baƙi ne suka cika wurin, kowa ya ɗaga waya sama, wuya a sage. Ba wanda ya dubi ƙasa, balle ya ga tsoho da tulu.

Ya yi ta zagaye yana leƙen fuskokin mata, yana auna shekarunsu, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Wannan yarinya ce. Wannan tana da miji a gefe, mijin ya harare shi. Wata ya miƙa mata, ta kaɗa hannu ba ta ko waiwaya ba, ta ɗauka talla yake yi. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

Can ya hango wata farar tsohuwa mai furfura da faffaɗar hula, cikin ayarin wasu mutanen ƙetare. Fuskarta da kirki. Ya matsa, ya miƙa tulun da hannu biyu. Idonta ya yi haske, ta shafa layukan da yatsa, ta ɗauki hoto, ta fara buɗe jaka. Jagoran ayarin, wani mai tumbi da ke ɗaga lema don mutanensa su bi shi, ya matso.

"Ta ce nawa?"

"Ba na sayarwa ba ne. Na matata ne, ta rasu. Sadaka ce."

Jagoran ya juya mata zancen a taƙaice. Matar ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta karɓi tulun ta rungume. Gavril ya ji kamar an sauke masa dutse.

"Ka ce mata ta sha, ta ce bogdaproste."

"Kalmar dai zan koya mata, ta maimaita. Amma sha? Ruwan ina ne?"

"Na rijiyata."

"A'a, Baba. Mutanen nan ba sa shan ruwan rijiya. Cikin ɗaya ya ɓaci, ni za a kama. Za ta zubar a gindin furen can, ta naɗe tulun a jaka. Ai niyya ce, ko?"

Matar ta riga ta karkata tulun wajen furannin. Gavril bai san lokacin da ya kai hannu ya fizge shi ba. Ruwa ya fallatsa a takalminta, ceri ɗaya ya faɗi. Ta ja da baya a tsorace, mutane suka juyo, jagoran ya hau faɗa: "Kai wane irin mutum ne? Ka ba da abu ka ƙwace? Haka za ku riƙa kunyata mu a gaban baƙi?" Gavril ya juya wajen baƙuwar. Ya so ya ba matar haƙuri, don ba ta yi masa laifin komai ba, amma ba shi da bakin da za ta ji. Ya rungume tulun ya zagaya bayan coci.

Gefen arewa ba mai zuwa. Iska da ruwa sun wanke bangon tun zamanin kakanni, sai inuwar mutane ba fuska, nan gefen riga, can rabin fiffike. Akwai wani benci da gansakuka ta cinye ƙafarsa. Ya zauna, ya ɗora tulun a cinya, ya leƙa ciki. Saura fiye da rabi.

Nan kaɗaici ya same shi sosai. A gida yana da keke, yana da kaji, yana da abin da zai sa hannu. A nan ba komai sai shi da hayaniyar mutane da ke zuwa daga ɗaya gefen, ana dariya da yaruka iri-iri. Ya yi tunanin Aglaia a wani wuri da bai san kamarsa ba, kowace mace an miƙa mata nata, ita tana zaune hannu wofi, tana duban hanya. Ya san ba za ta roƙi kowa ba. Za ta ɗaure fuska ta ce ita ba ta jin ƙishi. Wannan ne ya fi ci masa rai. Rana ta sauka ta taɓa kan itatuwan tudu. Ta tsakanin ginshiƙai ya hango wata 'yar zuhudu ta fito da dogon katako a kafaɗa da 'yar guduma a hannu, ta tsaya tana magana da wata.

Sai ga wata mata ta ɓullo ta kusurwa tana ɗingishi. Gashinta ja jawur na rini, baki ya sha jan-baki, ga takalmi mai ruwan zinariya, ga jakar leda cike da tsarabar bakin ƙofa. Ta faɗa kan bencin ba ko sallama, ta tuɓe takalmi ɗaya, ta zaro sigari ta maƙala a baki.

"Wayyo ƙafata! Coci huɗu tun safe, kowanne a kan tudu. Wa ya ce musu Allah ba ya jin addu'a a fili? Kada ka tona ni wurin matan nan, tsoho, zuƙa ɗaya zan yi."

Harshenta na mutanen bakin teku ne. Da Aglaia na nan, da ta tofar da yawu ta matsa gefe. Gavril ya ƙara rungume tulun. Matar ta kai hannu za ta kyasta wuta, sai idonta ya faɗa kan ceri da kyandir. Ta tsaya. Ta cire sigarin daga baki.

"Na wa ne?"

"Na matata."

"Ka makara fa."

"Na sani."

"Ba ka samu mai karɓa ba?"

Ya girgiza kai. Ya dube ta ta wutsiyar ido, ya dubi gashin, ya dubi takalmin. Ya ce, "Sa'arta ta ce a ba."

"Shekarunta nawa?"

Ya faɗa. Matar ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ni Mioara ban taɓa gaya wa namiji shekaruna ba, ko mijina da ya mutu bai sani ba. Kawo."

Ta mayar da sigarin cikin kwali. Ta goge jan-bakin da bayan hannu, ta zaro gyale daga jaka ta rufe jan gashin, ta miƙe tsaye da takalmi ɗaya. Da abin kunna sigarinta ta kunna kyandir ɗin. Shi ma ya miƙe, ya cire hula ya ajiye a benci. Ya miƙa mata tulun, ya ce:

"Don ran Aglaia."

Ta kama tulun. Shi ma yana riƙe. Ta ɗan ja, bai saki ba. Yatsunsa na kan wurin da dutsen ya zame, sun ƙi tashi.

"Saki mana, bawan Allah," in ji ta a hankali. "Ba ni za ka ba ba ai."

Ya saki.

"Bogdaproste," in ji Mioara, da ƙarfi, yadda ko kurma zai ji. "Allah ya gafarta mata, ya ba ta wuri mai sanyi."

"Allah ya karɓa."

Ta kafa kai ta sha, ba shan kunya ba, sha na mai ƙishi, maƙogwaronta na motsi, ruwa na bin haɓarta yana sauka kan gyale. Ta sauke tana haki. "Kai! Ruwanku da sanyi, har haƙorina." Ta gutsuri burodin ta ci. Ba ta gama taunawa ba katako ya fara amsawa daga gaban coci, ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas, yana zagayowa.

Gavril ya koma ya zauna. Mioara ma ta zauna, tana juya tulun tana kallon layukan.

"Ita ta yi wannan?"

"Ita."

"Hannu gare ta. Wace irin mace ce?"

Tun da aka binne ta ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Wa zai yi? Duk ƙauye sun san ta, kowa da tabon bakinta a jikinsa. Gavril ya dubi tulun da ke hannun matar.

"Masifaffiya ce," in ji shi.

Mioara ta kwashe da dariya, ta buga cinya. "Yawwa! Irin namu. Ina ka samo ta?"

Sai ga bakin kututture ya buɗe. "A kasuwar Radauti. Ina saurayi, na kai kaya a keken doki, karo na farko ba tare da babana ba. Na shimfiɗa tukwane a kan ciyawa. Sai ga wata yarinya da jan ɗankwali, ta tsuguna, ta ɗauki tukunya ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ce ta tsage. Ta ɗauki wata ta ce ita ma. Har ta bi su duka, mutane na tsaye suna ji. Masu saye suka watse. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, ke 'yar wa ce, in kin isa ki nuna mini tsaga ɗaya. Ta ce..."

Ƙahon mota ya karaɗe fili. Wata murya daga ƙofa ta ƙwala: "Mioara! Mioara! Ke kaɗai ake jira!"

"Na shiga uku, za su bar ni!" Ta zura takalmi, ta hure kyandir, ta toshe bakin tulun da gefen tawul, ta cusa shi tsaye a jakar leda tsakanin cokulan katako da hotunan waliyyai. "Sauran ruwan a mota zan shanye, kada ka damu, ɗigo ba zai zube ba. Allah ya ba ka haƙuri, tsoho!" Ta dafa kafaɗarsa, ta ruga tana ɗingishi, jakar na bugun ƙafarta. A kusurwa ta ɗaga hannu ba ta waiwayo ba.

Ya ji motar ta tashi, ta gangara. Sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Fili ya yi tsit, sai muryoyin matan zuhudu da ke fitowa ta tagar coci. Aglaia ta sha ruwanta, wannan ya tabbata, kuma ya gode wa Allah. Amma labarin na tsaye a maƙogwaronsa, ya riga ya taso, ya ƙi komawa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya gyara murya, ya fuskanci wankakken bangon.

"Na ce in kin isa ki nuna mini tsaga ɗaya," in ji shi. "Ta ce..."

Ya tsaya. Ya sake ɗaukowa daga baya, ya zo wurin, ya sake tsayawa. A duk bikin aure, a duk teburin Ista da aka taɓa sa shi ba da labarin nan, daidai nan Aglaia ke katse shi ta ce, "Ƙarya yake, ba haka aka yi ba, ku saurara," ta karɓe zancen ta kai shi ƙarshe, mutane na riƙe ciki don dariya, shi yana gefe yana murmushi cikin kofinsa. Bai taɓa faɗin sauran da bakinsa ba. Ya san abin da ya faru, amma bai san yadda ake faɗinsa ba.

Ya zauna bakinsa a ɗan buɗe, yana jira a katse shi.